Maigadi da Talotalon Adda

Duk wanda ya taɓa shiga shagon hoton Zaharadeen da ke unguwar Kanti a Kazaure ya san Maigadi, ko yana so ko ba ya so. Ka je ɗaukar fasfo na minti biyar, sai ka fito da laccar rabin awa. Maigadi kuwa ba mutum ba ne. Wata manhaja ce da ya saka a tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur, aikinta shi ne ta kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar ta zuba a wani ɗan baƙin akwati mai girman sabulun wanki da ke jone a bayanta, ba tare da kowa ya tuna mata ba. A kusurwar allon akwai wata 'yar alama koriya da take kunnawa.

"Ka ga koren nan?" in ji Zaharadeen ga duk wanda ya kama. "Ma'anarsa ka je ka yi barcinka. Ko yau aradu ta faɗo wa kwamfutar nan, ni dariya zan yi."

Ranar da ya saka Maigadi, an tambaye shi yaushe yake so a riƙa yin aikin. Ya jingina da kujera ya yi tunani irin na manya. Yaushe ne kwamfuta take zaune ba ta da aikin komai? Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi. Ya zaɓa, ya yaba wa kansa. Tun daga nan duk Juma'a sai ya bar kwamfutar a kunne, ya ja ƙofa ya kulle, ya saɓa darduma ya tafi masallaci. In ya dawo sai ya tarar kamar yanzu ta farka daga barci, koren yana haske. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Maigadi."

Wutar shagon daga injin janareta na maƙwabcinsa Julius mai aski take zuwa, ta wata waya da suka zura ta ƙasan rufin kwano, don wutar nepa a layinsu sai dai a ji labarinta.

To, a shekarar ne Kawu Sama'ilu ya ɗora masa aiki. Kawu yayan mahaifiyarsa ne, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya zauna a Roni, kuma shi ne shugaban taron zumuncin zuri'arsu da ake yi duk shekara washegarin Babbar Sallah. Abin da ke hana Kawu sukuni ɗaya ne: tarihin zuri'ar gaba ɗaya yana cikin kan mutum ɗaya tak, wato Adda. Adda babbar yayarsu ce, ta haura tamanin, tana zaune a wata ruga can bayan Gwiwa. Ƙannenta ne suka fara kiranta Adda, sunan ya bi ta har bakin jikoki. Ita kaɗai ta san wa ya haifi wa, daga ina aka taso, a ina aka yi shekara bakwai, wa ya haƙa wace rijiya. Shekara uku Kawu yana lallashinta a ɗauki maganarta, tana cewa ita ba ta hira da ƙarfe.

Bayan an gama girbi ta yarda. Zaharadeen ya ɗaure kyamara a bayan babur, ya biya Roni ya ɗauki Nafisat, 'yar Kawu, don ta taimaka da Fillanci in Adda ta juya harshe. Nafisat ma'aikaciyar jinya ce, kuma taubashiyarsa ce, abin da ya ba ta lasisin tsokanarsa tun suna rarrafe. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Bawan gidanmu take ce masa, wai shi ɗan mace ne, ita 'yar namiji.

Adda ta zauna a kan tabarma a gaban rumbunta, ta ƙare wa kyamarar kallo, ta ce, "Sau ɗaya zan faɗa. Ba na maimaitawa."

"Adda, sau ɗayan ma ya yi yawa," in ji Zaharadeen yana gyara ƙafafun kyamara. "Na'urata ba ta mantuwa. Ina da Maigadi. Ke ma in kin ga dama, kina gamawa ki manta da komai, ki huta."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce."

Ta fara. Muryarta siririya ce amma ba ta rawa. Awa guda tana jero sunaye da garuruwa, ba ta ko juya harshe ba, har Nafisat ta ga ba a bukatarta ta bi matan gidan ciki shan fura. Ba ta fi minti biyu da shiga ba talotalon Adda ya fito.

Baƙi ne, mai jan wuya, ƙirjinsa kamar tulu. Ko karnukan rugar ba sa gilmawa ta gabansa. Ya tsaya ya dubi jan kambas ɗin da ke ƙafar Zaharadeen, ya baje jela, ya yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro. Zaharadeen ya ce, "Kai, tafi can." Talotalo ya taho.

Abin da ya biyo baya minti bakwai ne, kuma kyamara tana tsaye a kan ƙafafunta tana kallo. Suka shiga zagaya Adda. A zagaye na biyu kambas ɗaya ya fita. A na uku Zaharadeen ya ga ba shi da sauran numfashi, ya dafe rumbu, ya haye can kan jinka, daidai saman kan Adda, daidai tsakiyar hoto. Daga nan ya riƙa ihu: "Wayyo Innata! A kama shi don Allah! Adda, ki yi masa magana!" Talotalo yana ƙasa yana sintiri kamar soja.

Adda ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce sau ɗaya za ta faɗa, kuma ta riga ta fara. Kuma a daidai minti bakwai ɗin nan ne ta kawo labarin Jauro Hamma, kakan kakanninsu, yadda ya taso daga arewa da shanu goma sha biyu, da rijiyar da ya haƙa, da sunayen 'ya'yansa biyar waɗanda duk zuri'ar ta fito daga gare su.

Da Nafisat ta fito, ta tarar da shi yana kaɗe ciyawa daga gashinsa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Bawan gidanmu, me ya faru?"

"Haske nake dubawa daga sama. Aikin hoto ne, ba za ki gane ba."

Sati biyu ya yi yana gyaran bidiyon. Wajen minti bakwai ɗin nan ya rufe shi da hotunan shanu da faɗuwar rana, ya danne ihunsa da busar sarewa, har ya zama wurin ya fi ko'ina kyau. Ɗanyen bidiyon kuwa ya bar shi a kwamfuta, a wata folda da ya rubuta wa "kada a buɗe", da niyyar zai goge wata rana. Katin kyamara ya goge shi ya ɗauki bikin wasu 'yan Babura a kai. Me zai ji tsoro? Kore yana haske.

Sau ɗaya ne kawai wani abu ya ɗan sosa masa rai. Nafisat ta zo ɗaukar fasfo, aka kira la'asar, ya bar ta a shago ya je ya dawo. Ya same ta zaune a nutse, hannu a cinya, idanunta jajir tana share hawaye.

"Lafiya?"

"Mura ce," in ji ta, murya na rawa. Har ta tafi ba ta tsokane shi ba ko sau ɗaya. Ya daɗe yana mamakin wannan ladabi, daga baya ya manta.

Saura kwana uku Sallah, da hantsi, yana cikin wanke hoton wani ango, sai kwamfuta ta yi ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana tauna tsakuwa. Allo ya yi baƙi. Ya kunna, ta ƙi. Ya bubbuga ta, ta ƙi.

Bai damu ba. Har wani daɗi ya ji, don wata bakwai yana jiran ranar da zai nuna wa duniya. Ya buga wa Jalaluddeen mai gyaran kwamfuta waya, sannan ya leƙa ya kira Julius. "Oga Julius, bar askin nan ka zo ka ga aikin Maigadi. Kyauta ne kallon."

Julius ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da injin aski a hannu. Jalaluddeen ya buɗe cikin kwamfutar, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Faifan ajiyar ya mutu murus. Ko Kano ka kai shi, sai dai su yi maka ta'aziyya."

"Allah ya jiƙansa," in ji Zaharadeen da fara'a. Ya zare ɗan baƙin akwatin ya miƙa da hannu biyu. "Jona wannan."

Jalaluddeen ya jona a tasa kwamfutar ta hannu. Folda talatin da ɗaya suka jeru reras, kowace da kwanan watan wata Juma'a. Zaharadeen ya waiwayi Julius ya ɗaga gira. Aka buɗe ta farko. Abu ɗaya ne a ciki: hoton Zaharadeen sanye da kwat ɗin aro, ya dafe haɓa, bayansa labulen nan mai zanen dogayen benaye. Aka buɗe ta biyu. Zaharadeen, kwat, haɓa. Ta uku haka. Ta goma sha tara haka. Har ta talatin da ɗaya, yana nan yana dafe da haɓarsa yana kallon su.

"Kai, amma ka yi kyau," in ji Julius.

"Ina sauran?" Muryar Zaharadeen ta koma ta wani daban. "Jalalu, ina sauran?"

Jalaluddeen ya ɗan yi dube-dube. "Abin da na gani, yana tashi a kan lokaci. Ya ɓata kamar minti biyar yana lissafa kayan da zai kwasa. Ya ɗauki na farko a layi, wato wannan kyakkyawan. Sai wani abu ya katse shi. Kullum a wuri ɗaya. Ƙarfe nawa ka sa masa?"

"Juma'a, ɗaya da rabi."

"Juma'a?" in ji Julius. "Ai kuna tafiya masallaci nake kashe inji. Layin nan ba kowa, wa zan yi wa aski, iska? Sai na ji an sallame nake tayarwa."

Zaharadeen ya juyo ya dube shi.

"Wata bakwai kana kashewa?"

"Shekara shida ina kashewa, maƙwabci. Ba ka taɓa tambaya ba."

"To koren fa?" Zaharadeen ya juya kan Jalaluddeen kamar shi ya ƙera abin. "Kore yake nuna mini! Kullum kore!"

"Koren nan ba na gama yake nufi ba. Na zo aiki yake nufi. Ita kuma kwamfutar irin wadda take tashi da kanta ce in wuta ta dawo, shi ya sa ba ka lura ba. Yawan ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki ma shi ya kashe faifan. Ka taɓa buɗe akwatin nan ka duba?"

Sai wayar Zaharadeen ta yi ƙara. Kawu ne.

"Zaharadeen, an samo majigi! Mutanen Babura mota biyu za su yi. Har dattijon nan ɗan'uwanmu na tsallaken iyaka ya aiko, ya ce ko a kan jaki ne sai ya zo ya ji sunan kakansa daga bakin Adda. Komai na nan dai ko?"

Zaharadeen ya dubi hotonsa a allo. Hoton ya dube shi.

"Komai na nan, Kawu. Allah ya ƙara girma."

Washegari tun da sanyin safiya ya ɗaure kyamara ya kama hanyar Gwiwa, wannan karon da baƙin silifa. Ya tsaya a bayan danga ya leƙa gabas ya leƙa yamma kafin ya yi sallama. Adda tana gindin rumbun nan tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye goro da sukari, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wai sauti ne bai fita sosai ba a wasu wurare, ko za ta ɗan maimaita.

"Maimaita me?"

"Tarihin nan, Adda. Su Jauro Hamma."

"Wane ne haka?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Adda, kakanku. Mai rijiya."

"Oho. Ai na manta." Ta jefar da wata tsakuwa daga cikin waken. "Ba kai ka ce in manta in huta ba? Na ba ƙarfenka ajiya, na sauke. Wallahi tun ranar barcina har da minshari. Allah ya yi maka albarka."

"Ko rabi, Adda. Ko 'ya'yansa biyar ɗin nan kawai."

"Biyar ne? Ka ga ka fi ni sani. Je ka tambayi mai gadin naka." Ta ɗaga kai ta dubi bayansa. "Ga abokinka can ya ji muryarka."

Bai tsaya ganin ko gaskiya ta faɗa ba. Sai da ya yi nisa da rugar ya tuna bai yi mata sallama ba.

A hanya ya yanke shawara. Zai biya Roni ya faɗa wa Kawu gaskiya, a yi masa faɗan da za a yi, a sallami majigi, a aika wa dattijon tsallake kada ya wahalar da jakinsa. Yana ta jera kalmomin a ransa har ƙofar gida. A zaure ya ci karo da Nafisat tana ɗaure ragon layya.

"Bawan gidanmu! Wa ya mutu?"

"Ba ni hanya, Kawu nake nema."

"Fuskar nan ba ta ganin Baba ba ce. Faɗa mini tukuna, in ga ko asibiti za a kai ka."

Ya gaji, don haka ya faɗa mata. Tun daga ƙas-ƙas har Julius, har folda talatin da ɗaya. Da ya zo wajen kwat da haɓa, sai da ta saki igiyar ragon ta dafa bango.

"Ki gama dariyar, sai ki matsa."

"Tsaya mana." Ta share ido, ta zaro makullanta daga jaka. A jikinsu akwai wani ɗan shuɗin filashi yana reto. "Ka tuna ranar da na yi mura a shagonka?"

Ya dubi filashin. Ya dube ta. A hankali abin ya sauko masa.

"Kin taɓa mini kwamfuta."

"Na ga an rubuta kada a buɗe. Kai ma ka san ba a rubuta wa taubashiya haka. Awa biyu da kwata, tun daga bisimillar Adda har ƙarshe, yana nan ciki."

Zaharadeen ya miƙa hannu. "Nafisat! Allah ya biya ki, Allah ya kai ki Makka! Kawo in je wajen Jalalu, kafin gobe na gyara."

Ta mayar da makullan jaka ta ja zif.

"Gyara me? Ai ba abin da ya lalace. Washegarin Sallah, in an kunna majigi, jama'a sun zauna, zan ba ka da hannuna. Yadda yake haka za a kalla."

"Ki ji tsoron Allah. Minti bakwai kawai zan cire."

"Cire mana. Sai ka gaya wa dattijon tsallake ya zo ne don ya ji labarin da ba kakansa a ciki."

"To in rufe da shanu."

"Mun ga shanu. Duk wanda zai zo taron nan ya ga shanu."

"Fasfo kyauta har ƙarshen rayuwarki."

"Fuska ɗaya gare ni, fasfo nawa zan ci?" Ta matsa gefe ta nuna masa ƙofar cikin gida. "Ga hanya. Ko ka shiga ka ce wa Baba babu, ko a kalla da talotalo. Ni ban tilasta maka ba."

Ya leƙa. Kawu yana tsakar gida a tsugune, ya shimfiɗa wani farin yadi a kan tabarma, gilashi a karan hanci, yana ɗinke gefensa da allura da kansa don a rataya wa majigi. Yana yi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Zaharadeen bai taɓa jin Kawu yana waƙa ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja ƙafa baya.

"Allah ya isa tsakanina da ke," ya ce a hankali.

"Amin, bawan gidanmu. Ka zo da kwat ɗin."

Washegarin Sallah bayan la'asar, aka taru a wani babban ajin firamare da aka ara, aka toshe tagogi da tabarmi don a samu duhu. Maza a gaba, mata a baya, ƙamshin soyayyen nama ya cika ɗakin. Dattijon tsallake ya zo, a mota ba a jaki ba, an ba shi kujera kusa da Kawu. Adda tana gefe a kan tabarmarta, an ɗauko ta tun safe. Nafisat ta ratso jama'a ta miƙa wa Zaharadeen filashi da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Ya jona a kwamfutar da ya aro wajen Jalaluddeen.

Fuskar Adda ta cika farin yadin. Awa guda ba ka jin komai sai muryarta da "Allahu akbar" nan da can in wani ya ji sunan kakansa. Kawu yana ta share gilashi. Zaharadeen kuwa agogon da ke ƙasan allo yake kallo. Da ya ga saura minti ɗaya, yatsansa ya je kan maɓallin tsayarwa ya tsaya a kai. Zai iya cewa na'ura ce ta sami matsala. Kowa zai yarda, na'ura ai ta saba. Ya dubi dattijon tsallake, wanda ya tura kunne gaba ya kare shi da tafin hannu. Ya janye yatsan, ya miƙe.

"Jama'a, a yi haƙuri. Abin da za ku gani yanzu, haske nake dubawa."

Talotalo ya shigo allo daga hagu.

Wata mata a baya ce ta fara, sai ɗakin ya fashe da dariya. Da kambas ya fita, wani ɗan Babura ya zame daga benci. Da aka kai "Wayyo Innata," mahaifiyar Zaharadeen da kanta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa na shugaba, ya murtuke, ya cije leɓe, daga ƙarshe ya kifa kai a kan sandarsa. Ga Adda a allo tana ta zuba tarihi a nutse, ga ƙafafun mutum suna reto a saman kanta.

Da ƙura ta lafa, dattijon tsallake ya share hawaye ya ɗaga hannu. "Ni fa ban ji komai ba. An wuce Jauro Hamma?"

"An wuce," in ji Kawu da ƙyar. "Zaharadeen, mayar da shi baya."

"Kawu..."

"Mayar. Tarihi muka zo ji."

Aka mayar. Aka sake fashewa, ba wanda ya ji ko suna ɗaya. Kawu ya buga sanda ya ce duk wanda ya sake dariya a fitar da shi, a sake mayarwa. A karo na uku mutane suka toshe baki da hula da mayafi. A cikin wannan shirun ne aka ji wata murya daga gefe tana bin ta allon, har tana riga ta. Adda ce a kan tabarmarta, ido a rufe, tana jero 'ya'yan Jauro Hamma ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na huɗu ta buɗe ido ta nuna yadin da yatsa.

"Nan na yi kuskure. Ba Buba ne na huɗu ba, Sambo ne. Ihun yaron nan ne ya rikita ni. A gyara."

Dattijon tsallake ya buga cinya. "Sambo! Shi ne kakana!"

Zaharadeen ya tsallake ƙafafun mutane ya je ya durƙusa a gabanta. "Adda. Shekaranjiya waccan kin ce mini kin manta. Har kika ce wane ne Jauro Hamma."

"Na manta mana. Da na gan ka a kan rumbu sai ya dawo."

"Da kin maimaita mini ranar, da duk wannan bai faru ba."

"Shi ya sa ban maimaita ba." Ta gyara zama. "Nafisat ta nuna mini a wayarta tun kafin azumi. Wannan ne kallona na tara. Amma a babban yadi ya fi. Sake mayarwa."

Kafin a kira magariba, layi aka yi a gaban kwamfutar. Kowa yana so a tura masa tarihin zuri'a a waya, don 'ya'ya da jikoki, in ji su. Ba wanda ya ce a cire masa komai.

Bayan Sallah Jalaluddeen ya saka sabon faifai. Zaharadeen ya mayar da aikin Maigadi Talata da hantsi, lokacin da injin Julius yake ruri, kuma duk ya gama sai ya buɗe akwatin ya ƙirga da idonsa. Ya daina yi wa masu fasfo lacca. Tarihin Adda ne kaɗai bai damu ya ba Maigadi ba. Yana Roni, yana Babura, yana Gwiwa, ya tsallaka iyaka.

Wata Laraba wani mutum daga 'Yankwashi, wanda ba dangin kowa ba, ya shigo ɗaukar fasfo. Ya zauna a kan kujera, ya gyara hula, ya ɗaga kai ya dubi mai kyamara. Sai ya ƙura masa ido.

"Malam, don Allah, ba kai ne na kan rumbu ba?"

"Ɗaga haɓa," in ji Zaharadeen. "Kuma a fasfo ba a dariya."